Ja da shuɗi ba su isa hujja ba

Daga hannun injiniyoyi wata dabarar lissafi ta shigo nazarin furuci, wadda ake kira ta ƙananan yankuna. Akan ɗauki surar hanyar iska, daga maƙwallato zuwa leɓɓa, kamar yadda na'urar hoton asibiti ta nuna ta, a daddatsa ta har ta zama raga, sannan manhaja irin COMSOL ko ANSYS ta lissafa matsin sauti a kowace mahaɗar ragar. Abin da ke fitowa a allon kwamfuta hoto ne mai ɗaukar ido, ja a nan, rawaya a can, shuɗi a gefe. Shi ɗalibi ke ɗokin liƙawa a kundinsa, amma bai kamata kwamitin jarrabawa ya karɓe shi shi kaɗai ba.

Launin nan ba shi da ƙima tsayayya. Idan ba a kafe ma'auninsa da hannu ba, manhaja takan ba adadi mafi girma ja, mafi ƙanƙanta shuɗi, kowane hoto da nasa. Ke nan jan da ke hoton wasalin /a/ da jan da ke hoton /i/ suna iya zama adadi biyu masu nisan gaske, alhali mai karatu ya ɗauka abu ɗaya ne. Bugu da ƙari, a kan mahaɗu aka yi lissafin. Launin da ke tsakaninsu ƙiyasi ne da manhajar ta shafe don ya yi sumul.

Duk wanda ya ɗanɗana ilimin sauti ya san gwajin bututu madaidaici mai tsawon santimita 17,5, toshe a gefe ɗaya, buɗe a ɗayan, wanda amonsa ke faɗowa wajen 500, 1500 da 2500 Hz. Da shi ake auna ko lissafi na kan hanya. To, wane ido ne zai gane daga launi ko 500 aka samu ko 540? Haka kuma, idan aka ƙara wa ragar yawa aka sake lissafi, hoton zai iya zama kamar na jiya, adadin kuwa ya gusa, alamar cewa ragar farko ta yi gwari-gwari.

Fitar da adadin ba wuya gare shi ba. A COMSOL ana iya dasa ɗigo a gaban leɓɓa, ko a ja layi ya ratsa kogon baki, a sa manhaja ta zuba alƙaluman wurin cikin fayil. Tarko ɗaya ne ke jiran ɗalibin Nijar: fayil ɗin da ɗigo yake raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa, Excel na Faransanci kuwa waƙafi ya sani, sai ya ɗauki 17.5 a matsayin rubutu ya ƙi lissafa shi.

Wani zai ce ɗaliban harshe nawa ne a Maradi ko Zinder ke da lasisin waɗannan manhajoji masu tsada. Gaskiya ne, ƴan kaɗan ne, in ma akwai. Sai dai ɗabi'ar ta riga manhajar isowa. Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, kyauta ce, kuma tana iya jero adadin kaifin murya ɗaya bayan ɗaya, amma sau da yawa hoton layin kawai ake yankowa. A Hausa hakan ya fi hatsari, domin murya tana gangarowa ne cikin jimla, har karin sama na ƙarshenta kan iya sauka ƙasa da karin ƙasa na farkonta. Ba a tabbatar da irin wannan da ido.

Ya dace sassan nazarin harshe su wajabta wa duk kundin da ya kawo irin wannan hoto ya haɗa da jadawalin alƙaluma, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da wurin da aka ɗebo su, da girman ragar, a kuma miƙa fayil ɗin ga kwamiti kafin ranar kare kundi.