An sayar da kare an sayi biri: masu neman uTorrent a kan Linux

Makon jiya wani abokin aikina ya raba tsohuwar kwamfutarsa da Windows, ya ɗora mata Linux Mint. Ya ce ya gaji da tallace-tallace da manhajojin da ke shigo masa ba sallama. Na yi masa barka. Ba a kwana biyu ba sai ga saƙonsa: yaya zai girka uTorrent? Har ya gano akwai Wine, wadda ke sa manhajar Windows ta yi aiki a kan Linux, yana so in nuna masa hanya. Na ƙi, kuma ga dalilina.

Tsarin BitTorrent, wanda Bram Cohen ya fito da shi a 2001, yana yanyanka babban fayil ne gutsure-gutsure. Maimakon ka sauke shi daga rumbu guda, sai ka riƙa karɓar gutsattsarin daga hannun mutane da yawa, kana kuma miƙa wa wasu abin da ka riga ka samu. Kowane gutsure yana da hatimin lissafi da ake auna shi da shi. Wanda ya lalace a hanya a watsar, a sake nemo shi. Duk wanda aka taɓa ɗauke masa wuta yana dab da gama sauke fayil mai gigabayit 5 ya san darajar wannan. Sai dai ka lura da irin amanar da ka ba manhajar da ke wannan aiki: tana kwana a kunne, tana hulɗa da baƙin da ba ka sani ba, tana rubutu a ma'ajiyar kwamfutarka, tana cin datarka shiga da fita. Irin wannan ba a zaɓenta don an saba da launinta.

uTorrent ta yi sunanta da gaskiya. Lokacin da Ludvig Strigeus ya rubuta ta a 2005, 'yar mitsitsiya ce mara nauyi. Kamfanin BitTorrent ya saye ta a ƙarshen 2006, talla ta biyo baya. A Maris 2015 masu amfani da ita suka tarar da wata manhaja, Epic Scale, tana haƙar kuɗin kirifto da ƙarfin kwamfutocinsu. Kamfanin ya ce sai da yardar mai girkawa take shiga. Mutane da yawa suka ce ba su san sun yarda ba. A 2018 kamfanin ya koma hannun Justin Sun, mai kirifton Tron. Rubutun da aka gina manhajar da shi kuwa a rufe yake har yau, ba mai iya duba abin da take yi sai masu ita. To, wanda ya bar Windows don kada a yi masa shigar sauri, me ya kai shi jawo wannan ta taga?

Za a ce ai ta fi sauri. Wannan camfi ne. Saurin saukewa yana ga yawan masu riƙe da fayil ɗin da kuma ƙarfin layinka. Idan masu bayarwa biyu ne kacal, babu manhajar da za ta haifo na uku.

Ba na cewa buɗaɗɗiyar manhaja laya ce. A Maris 2016 ɓarayin intanet sun kutsa shafin Transmission, suka cusa KeRanger, mai garkuwa da fayiloli, a cikin nau'inta na Mac. Kimanin mako biyu kafin nan an kutsa shafin Linux Mint kansa, aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafi. Waɗanda suka sauke ta torrent ba su kamu ba. A duka biyun ɓarnar ta bi ta shafin saukewa ne. Shi ya sa inda ka samo manhajar ya kai wadda ka zaɓa muhimmanci. A Linux akwai rumbun manhajoji na kowane rarrabe, inda ake sa wa kowane ƙunshi hannu na lissafi, kwamfutarka ta tantance shi kafin ta girka. Ɗabi'ar nan ta Windows, ta buga suna a Google a danna maɓallin farko mai launin kore, ita ya kamata a fara yayewa.

Abin dariyar shi ne, abokin nawa yana da Transmission tun ranar farko, Mint ta zo masa da ita, bai buɗe ba. Ga mai sauke Ubuntu ko wani abu daga Internet Archive jefi-jefi, ta isa har da ƙari. Deluge ma ba ta da laifi, injinta ɗaya da na qBittorrent, wato libtorrent.

Ni dai qBittorrent na zaɓa, kuma dalilina data ne. Christophe Dumez ya fara ta a 2006, fuskarta kusan ta uTorrent ce, ba talla. Tana barinka ka ɗaure ta ga layi guda, misali kebul na ofis ko na gida, ta yadda idan ka koma kan datar wayarka ba za ta motsa ba. Kana iya ƙayyade saurin abin da take fitarwa, ka kuma tsara mata ta saki jiki da tsakar dare, lokacin da kamfanonin waya ke sayar da data da rahusa. Wanda bai taɓa waɗannan saituna ba zai wayi gari ya ga ya ciyar da mutanen Jamus da Birazil da kuɗin datarsa na wata.

Amma kada ka toshe fitar gaba ɗaya. Fayil ɗin da ka samu wani ne ya bar kwamfutarsa a kunne har ka same shi. Saita ta ta mayar da kwatankwacin abin da ka karɓa, sannan ta tsaya. Ka kuma sani cewa duk wanda kuke musayar fayil da shi yana ganin adireshinka na intanet, kowace manhaja ka riƙe. Idan fim ɗin wani kake kwasa ba izini, qBittorrent ba za ta rufa maka asiri ba, ba kuma za ta halatta maka shi ba.

Abokin nawa ya girka ta daga rumbun Mint cikin minti biyu. Jiya ya aiko yana tambayar inda ake kashe talla.