Gida Ya Yi Yoyo Bayan Ciniki: Alhakin Wa?

Gidan da aka saya da rani, damina ce ke faɗin gaskiyarsa. Mai saye ya zaga ɗakuna a watan Maris, ya ga bango sumul, silin fari fat, ya biya, dillali ya karɓi la'adarsa. Ruwan Agusta na sauka, sai ga bokitai an jera a tsakar ɗaki. Shin tsohon mai gida yana da alhakin wannan ɓarna, ko kuwa ciniki ya riga ya faɗa? Tambayar ta shafe mu, 'yan'uwa, domin da yawa daga cikinmu za mu ci rancen gida, a yi shekaru ana yankar albashinmu.

Dokar da muka gada daga Ingila tana da wata tsohuwar ƙa'ida, watau mai saye ya buɗe idonsa. Bisa ga wannan, ba tilas ne mai sayarwa ya bayyana aibin gini ba. Abin da aka hana shi shi ne ƙarya da rufa-rufa. A 1986, a shari'ar Gordon da kamfanin Selico, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ɗauki rufe ruɓaɓɓen katako don kada masu saye su gani a matsayin yaudara. Amma wanda ya san rufinsa na zuba, ya ja bakinsa ya yi gum, sau da yawa ya tsira. Takardar mallaka kuwa, da yardar Gwamna wadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta, haƙƙin zama a filin kaɗai suka shafa. Ba ma'aikacin da zai hau tsani ya duba maka azara.

Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalanmu ke hukunci da shi, ya fi wannan tsanantawa. Risala ta haramta ɓoye aibin abin sayarwa, saboda haka shirun wanda ya sani shi ma algus ne. Sa'an nan Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, ta kasa aibin gida kashi 3. Ƙanƙanin aibi ba ya jawo kome. Matsakaici ba ya warware ciniki, sai dai a rage wa mai saye kuɗi gwargwadon aibin. Babba kuwa, wanda malamai da dama suka ƙiyasta da sulusin farashi, yana ba shi damar mayar da gida ya karɓi kuɗinsa.

A ganina wannan ma'auni ya fi kusa da adalci. Dalili kuwa shi ne, mutanen biyu ba daidai suke wajen sani ba. Wanda ya yi damina goma a ƙarƙashin rufi ya san kusurwar da yake janye tabarma in hadari ya haɗu. Mai saye kuwa rabin sa'a ya samu, rana na tsaka. A ce masa ya buɗe ido a kan abin da aka lulluɓe da sabon fenti, ai an mayar da ciniki caca ke nan.

Lalle masu sayarwa ma suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Rufin soro yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kwano kuma yakan yi tsatsa, iska ta ɗaga ƙusoshinsa. Wanda ya sayi tsohon gida da araha, ya yi shekara 3 bai taɓa rufin ba, ba shi da bakin kuka. Shi ya sa shari'a ta gindaya sharuɗɗa: aibin ya riga ciniki, ya kasance ɓoyayye, kuma mai saye bai nuna ya yarda da shi ba bayan ya gani. Rarrabe tsoho da sabo aikin masana ne. Gwanin magini yana ganin azarar da gara ta daɗe da ci, ko tsohon tabon ruwa a bayan silin, zai faɗi ko ɓarnar bana ce ko ta bara waccan.

To, ya kai mai shirin saye, kada kunya ta hana ka bincike. Tafi da magininka ko kafintanka, ba na dillali ba, ya leƙa cikin silin. Tambayi maƙwabta, domin su ne suka ga ana shanya katifa. Ka kuma tambayi mai gida a gaban shaidu ko rufin yana zuba, a rubuta amsarsa cikin takardar yarjejeniya. Da wannan layi guda, shiru ya ƙare masa: ko ya faɗi gaskiya a rage kuɗi, ko ya yi ƙaryar da kowace kotu za ta iya kama shi da ita.

Ku kuma da wata rana za ku sayar, ku tuna cewa kuɗin da aka ci bisa ɓoyayyen aibi haƙƙin wani ne, ko da alƙali bai taɓa jin labarinsa ba. Allah ya sa mu gane.