Rigar Man U a jiki, Haaland a waya

Duk ranar da ake babban wasa, ka shiga gidan kallo a Tudun Wada ko Sabon Gari ko Samaru, ka ɗauke ido daga talabijin na minti biyar ka kalli mutanen da ke kan benci. Za ka ga wani sabon ɗan kallo da ba mu san irinsa ba a da. An zura wa ƙungiyarsa ƙwallo, ya dafe kai da hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma ya faɗa aljihu yana laluben waya. Kafin a gama maimaita ƙwallon ya riga ya zunguri na kusa da shi: "Wa yac ci? Wa yab ba shi?" Ba wanda zai zaga yake nema ba fa. So yake ya ji ko maki ya faɗo masa.

Ka tuna 2 ga Oktoba 2022, ranar da Man City ta yi wa Man U 6-3? Haaland ya ci uku, ya bayar aka ci biyu. Ɗan Man U ɗin da ya naɗa shi kyaftin a fantasi ya tashi da maki 46 daga mutum ɗaya, ƙungiyarsa kuma ta tashi da kunya. To wannan bawan Allah kuka zai yi ko dariya? Wata biyar bayan nan, 5 ga Maris 2023, Liverpool ta yi musu 7-0 a Anfield, Salah ya ci biyu ya bayar da biyu. Gaba kura, baya sayaki.

Idan kai ko ke ba ku taɓa shiga ba, ga yadda abin yake. Fantasy Premier League wasa ne na hukumar Firimiya da kanta, kyauta ake yin sa a waya, kuma mutum sama da miliyan 11 ke shiga a kaka guda. Za a ba ka fam miliyan 100 na wasa, kuɗin da ko ruwan leda ba za su saya maka ba, ka zaɓi 'yan wasa 15: gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3. Ba a yarda ka ɗauki fiye da mutum 3 daga ƙungiya ɗaya ba. Abin da suka yi a fili shi ne makinka. Ɗan gaba ya ci ƙwallo maki 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6, wanda ya bayar aka ci 3. Jan kati a cire 3, ɓarar da fenariti a cire 2. Kyaftin kuwa ninka masa ake yi. Haka za a yi ta tafiya har mako 38.

Dokar nan ta mutum 3 ita ce ta ɓata lissafin masu adawa. Ko son ƙungiyarka zai kashe ka, dole sauran 12 su fito daga gidajen wasu, kuma waɗanda suka fi kawo maki galibi suna gidan da ka fi tsana.

Ni ɗan Arsenal ne, ban taɓa ɓoyewa ba, don haka na san adawar nan ciki da waje. Mun gaje ta ne daga yayyenmu, waɗanda suka bi Kanu zuwa Arsenal a 1999, suka ga zamanin Wenger da Ferguson, Vieira da Keane. Sun ga ranar 24 ga Oktoba 2004 da Man U ta tsinke wa Arsenal igiyar wasa 49 ba a doke ta ba. Mu kuma muka sha 8-2 ɗin 28 ga Agusta 2011, wanda har yau akwai yaron da a lokacin yana firamare amma shi ne zai fara jefo maka shi a Facebook. Mun rama da dariya a kakar 2024/25, da Man U ta ƙare a ta 15 ta kuma bar wa Tottenham kofin Europa a Bilbao. Su kuma suka ce mu ne sarakan na biyu, don kaka uku a jere muna zuwa bakin kofi muna dawowa. Duk wannan daɗi ne. Ƙwallo ba tsokana, tuwo ne ba miya.

Amma kai ma ka san inda abin ke kaiwa idan babu birki. Ka san abokan da suka daina gaisawa. Ka san zauren WhatsApp ɗin da aka fara da zolaya aka ƙare da zagin iyaye, har aka cire mutum. A watan Mayun 2009, bayan Barcelona ta doke Man U 2-0 a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, wani mai goyon bayan Man U a jihar Ribas ya afka wa masu murna da mota, mutum 4 suka mutu. A kan wasan da aka buga a birnin Rum, tsakanin mutanen da ba su san akwai garinsa a taswira ba.

Shi ya sa nake ganin fantasi ya yi mana wani aiki da nasihar manya ta daɗe tana nema. Ya saka maka ɗan wasan abokin hamayya a aljihu, ya tilasta maka yi masa fatan alheri duk Asabar. Wanda ya kafe ya ce shi wallahi ba zai sa ɗan Liverpool ba, to a kakar 2024/25 Salah ya ci ƙwallo 29, ya bayar da 18, ya tara maki 344, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. Je ka duba teburin lig ɗin unguwarku na wannan kakar ka ga inda masu rantsuwa suka kwana. Mutumin da ya share wata tara yana addu'ar Salah ya ci ƙwallo, da wane baki zai ce ɗan Liverpool maƙiyinsa ne?

Akwai masu cewa wannan munafunci ne, fantasi ya kashe amanar goyon baya. Ina jin su, kuma akwai abu ɗaya da na ba su gaskiya a kai. Idan ka kai matsayin da kake murna ɗan wasa ya karye don abokinka ne ke da shi, ko kake shiga shafin ɗan wasa a Instagram kana zaginsa don ya ɓarar da fenariti ya ci maka maki 2, to ba adawa ka bari ba, wuri ka canja mata. Amma batun amana, haba. Mu Hausawa mun san wasa tsakanin taubasai, mun san na Kanawa da Zagezagi, na Fulani da Barebari, na Gobirawa da Yarbawa. Za a gaya maka magana mai zafi a tsakiyar kasuwa, ka rama, a yi dariya, a ci tuwo tare. Sharaɗin ɗaya ne: wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Ba wanda ya taɓa cewa Bakano ya ci amanar Kano don ya ci abinci gidan Bazazzagi.

Ga kuma wahalar da ta haɗa mu, wadda ɗan Landan bai san da ita ba. Ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na mako. Shi yana kwance a gado zai danna. Kai kuwa an ɗauke wuta tun daren jiya, wayarka tana wajen mai caji, datarka ta ƙare, ka saya, sabis ya ƙi. Ɗan Tsafe ko Bungudu da ke gefen gari sai ya nemi tudu yana ɗaga waya sama kamar mai duban wata. Sannan ga agogon Ingila da ke yaudarar mutane. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba muna gabansu da awa ɗaya, don haka idan wasan farko na 12:30 ne a can, ƙarfe 12 za a rufe a nan. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris agogonmu ya zama ɗaya, sai a koma rufewa ƙarfe 11, kai kuma ka saba da 12. Na Juma'a da daddare ma ba a magana, ya cinye mutane da yawa.

Mafi girma shi ne Satumban 2021. Ranar 3 ga wata aka katse sabis ɗin waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Lokacin ana hutun wasannin ƙasashe, Ronaldo ya dawo Man U, an saka shi a kan fam miliyan 12.5. Ƙa'idar masu wayo ita ce ka jira sai dab da rufewa, ka ji wa ya ji rauni, sannan ka yi canji. To a Zamfara masu wayon ne suka shiga uku. Ranar 11 ga wata Ronaldo ya ci Newcastle biyu, aka tashi 4-1, masu jira suna kallo a talabijin, waya a hannu ta zama tocila. Gusau ta yi kusan wata guda a haka, sauran ƙananan hukumomi sun fi haka daɗewa. Kar ka ji ni ba daidai ba: a watannin da aka rufe kasuwannin mako, mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi don su ji lafiyar iyayensu, makin fantasi shi ne ƙaramar asara a jihar nan. Na kawo shi ne don ka tuna cewa jar kibiyar da ta bi 'yan Gusau a makonnin nan ba ta tambayi kowa ƙungiyarsa ba.

Yanzu ga inda nake son ka tsaya ka saurare ni. Wasan da ya zo ya sanyaya mana adawa, mu da kanmu mun fara cusa masa abin da ya fi adawar iya raba abokai. Lig ɗin kuɗi. Kowa ya kawo dubu biyu, mutum 20, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe dubu 40. Ko na mako-mako, naira 500 duk sati, abin kamar ba komai ba, amma ka ninka sau 38 ka ga dubu 19. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na san amsar da za ka ba ni: ai wannan ba caca ba ce, ilimi ne, lissafi ne. Akwai lissafi a ciki, ban musa ba. Magnus Carlsen, zakaran dara na duniya a lokacin, ya hau saman teburin fantasi na duniya baki ɗaya a Disambar 2019, amma ko shi bai ƙare kakar a na ɗaya ba. Wane lissafi ne zai gaya maka Guardiola zai ajiye kyaftin ɗinka a benci? Wane ne zai gaya maka na'urar VAR za ta soke ƙwallo saboda ɗan yatsan ƙafa, ko golanka zai ji ciwo wajen ɗumama jiki? Ka cire sunan fantasi ka dubi abin tsirararsa: mutane sun zuba kuɗinsu, wani abu da ba ya hannun kowa a cikinsu ya faru, ɗaya ya kwashe na sauran. Ka kai wannan bayanin wurin malamin da ka yarda da shi, kar ka ƙara kar ka rage, ka ji sunan da zai kira shi. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun jera caca da giya wuri ɗaya, kuma abin da aka ambata suna haifarwa shi ne gaba da ƙiyayya. Muna kuma zaune a garin da aka ƙaddamar da shari'a tun Oktobar 1999, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ko da ka ajiye batun addini gefe, dubi yadda kuɗi ke canja wasan. Tsokanar da ake yi da dariya ta koma lissafin wa ya biya wa bai biya ba. Mai riƙe da kuɗi ya taɓa su ya sa mai a babur, ranar biya wayarsa a kashe. Wani ya buɗe ƙungiya biyu da sunan ƙaninsa. Wanda aka bari a baya tun Disamba ya fara canji barkatai, ana cire masa maki 4 a kan kowane ƙarin canji, don ba wasa yake ba yanzu, kuɗinsa yake bi. Mafi muni, fantasi yana sa ka ji kamar ka san ƙwallo fiye da kowa, kuma tallan manhajojin caca yana nan yana jiran mai irin wannan jin a kowane shafi da ka buɗe. Daga "na san Haaland zai ci" zuwa "bari in sa ɗari biyar a kai" taku ɗaya ne. Yaro ɗan sakandare da ke zaurenku yana kallon yadda kuke yi.

Idan kana cikin masu tafiyar da lig, ba rufe shi nake ce maka ka yi ba. Cire kuɗin shiga. In ana son kyauta, a nemi wanda ba ya cikin gasar ya sa: mai gidan kallo ya ba zakara kallon wata guda kyauta, mai shagon waya na unguwa ya sa data, shi ma talla ce gare shi. Abin da ya fi kyautar armashi ma shi ne hukuncin na ƙarshe, kuma nan ne adawa za ta yi amfani. Ɗan Chelsea da ya zo ƙasan teburi ya shigo gidan kallo da rigar Tottenham. Ɗan Man U ya sa tambarin Liverpool a hoton WhatsApp ɗinsa na sati guda, ba cirewa ko da dare. Ɗan Arsenal kuwa, tunda dokar ta hau kan kowa, ya tashi tsaye a gaban jama'a ya lissafo waɗanda suka ci ƙwallaye takwas ɗin nan na 2011, ɗaya bayan ɗaya, har da ukun Rooney.