Taki ne, kuma albarushi ne: wanne za mu ɗauka?

Jama'a, jiya wani ƙanena mai noman rani a fadamar Gummi ya kira ni yana kukan tsadar taki. Hirar ta kai mu ga wani sinadari da ake kira fotashiyam naitiret. Fari ne kamar gishiri, yana narkewa a ruwa, tumatir da albasa suna son sa sosai. Kusan kashi 13 cikin 100 nasa naitirojin ne, kashi 46 fotash. Amma kuma shi ne jigon albarushin da ake ɗura wa adaka. Ka ga abu ɗaya, fuska biyu.

Ƙasashe irin su Chile da Isra'ila sun mayar da shi babbar masana'anta, suna sayar wa duniya. Mu kuwa muna da masana'antar yuriya ta Dangote a Lekki, wadda aka buɗe a 2022, ga ta Indorama a Eleme, amma fotash har yau daga waje muke sayowa.

Wani zai ce: yankin da 'yan bindiga suka addaba, ina shi ina irin wannan kaya? Ban raina wannan tsoron ba, wallahi. Sai dai mu tuna, an hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, aka ɗage a ƙarshen 2024. A 2021 an rufe kasuwannin mako, an katse layukan waya. Ɓarawon daji bai rasa hanya ba, talaka ne ya sha wuya.

Mu kuma tuna 2010, a Dareta da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400, saboda a tsakar gida ake niƙa dutsen zinariya, ba mai sa ido. Darasin a fili yake: abin da hukuma ta ƙi tsarawa, jama'a za su yi shi a ɓoye.

Ra'ayina, a yi rajistar dillalan taki, duk buhun da ya shigo a san inda ya nufa, a sayar ta hannun ƙungiyoyin manoma da sanin masu unguwanni. Sannan a kafa wurin haɗa taki a wannan yanki, ƙarƙashin idon hukuma. Yaron da gona ta riƙe, da wuya daji ya ja shi.

Ku manoma, me kuka gani? Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.