Ɗago Kanka, Ranka Ya Daɗe

Ranar Laraba 3 ga Maris 2021 aka mayar da 'yan matan makarantar sakandaren Jangebe garinsu, a ƙaramar hukumar Talata Mafara ta jihar Zamfara. Su 279 ne 'yan bindiga suka kwashe cikin daren 26 ga Fabrairu, aka sako su ranar 2 ga Maris, aka fara kai su gidan gwamnati a Gusau. Iyaye suka cika makarantar suna jira. Da yaran suka iso, sai aka ce ba mai ɗaukar 'yarsa sai an yi bikin miƙawa, wato sai manya sun gama jawabi. Rana tana ta yin ƙasa, da yawa cikin iyayen daga ƙauyuka suka zo, kuma ba wanda bai san abin da hanya ke zama ba in duhu ya shiga. Haƙuri ya ƙare, aka fara jifa, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka harbi mutane. Daga baya gwamnati ta sa dokar hana fita, ta rufe kasuwar garin.

Ban wanke mai jifa ba, ban kuma wanke mai harbi ba. Amma akwai mutum na uku da ba a cika tuhuma ba, shi ne mai riƙe da makirufo. Ina idonsa yake? Uwar da ta yi kwanaki ba barci tana tsaye tana leƙen 'yarta, uba yana duban rana yana duban ƙofa, gunaguni yana tashi, shi kuwa bai ga dalilin taƙaitawa ba. Da ya ɗago kai ya dubi fuskokin nan da idon basira, da ya san jawabin da ya dace da ranar bai wuce "Alhamdu lillahi, ga 'ya'yanku, Allah Ya kai ku gida lafiya" ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ba mu ɗauki darasi ba. Je ka kowane taron hukuma a yankin nan, rabon taki ne ko buɗe rijiyar burtsatse, tsarin ɗaya ne. An ce ƙarfe goma, babban baƙo sai bayan azahar. Manya a inuwar rumfa, talakawa a rana. Mai jawabi zai miƙe ya juya wa jama'a ƙeya ya fuskanci rumfa, ya fara jero gaisuwa: mai girma wane, mai martaba wane, mai girma wakilin wane, uwargidan wane. Wanda ya zo bayansa ya sake jerowa daga farko, saboda tsoron kada a ce ya tsallake wani. Kafin a taɓo abin da ya tara mutane, masu goyo sun fara zamewa.

Sannan a zaro takarda. Wani ma'aikaci ne ya rubuta ta da Turanci, mai karantawa bai taɓa ganinta ba sai a mota. Za ka gane haka daga yadda yake tuntuɓe a kan alƙaluma, da yadda yake tsayawa a tsakiyar jimla in shafi ya ƙare, ya lashi yatsa, ya juya, ya ci gaba da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Hular kansa kaɗai jama'a ke gani. A irin wannan taro wani dattijo da ke tsugune kusa da ni, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa, ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, mi yac ce?" Na ce, "Baba, ya ce za a ba da taki." Ya ce, "Yaushe?" Na ce, "Bai faɗi ba, Baba." Ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Mutumin nan ya bar gonarsa ya zo, an yi masa magana da harshen da ba ya ji, an kuma tsallake tambaya ɗaya tak da ta kawo shi. In wannan ba raini ba ne, a gaya min sunansa.

Kada wani ya ce min rashin iyawa ne. Lokacin yaƙin neman zaɓe mun ga iyawa. Ɗan takara zai hau bayan mota, ya naɗe hannun babbar riga, ba takarda ba Turanci, ya kira sunan unguwa da sunan fadama, ya yi shiru daidai inda ya san za a yi sowa. Ya san inda zai ɗaga murya da inda zai sassauta. Ranar da aka rantsar da shi sai wuyansa ya sunkuya, harshensa ya canza. Ashe ƙuri'a ce ke ɗago kai. Kuma yankin nan ba baƙon siyasa ba ne: Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Garuruwa uku maƙwabta sun riƙe Zamfara shekara 20 cikin 24. Duk kansila da shugaban ƙaramar hukumar da ya tashi a nan ya ga yadda ake jan taro tun yana yaro.

Ko ba siyasa, ƙasar nan ta haifi malaman wannan fanni. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, mawaƙin Sarkin Kudu Maccido, ba su riƙe takarda a gaban sarakuna ba. Saurari faifansu ka ji yadda ake ajiye magana a bar 'yan amshi su ɗauka, yadda ake jinkirta kalma har kunne ya matsu kafin a sake ta. Makaɗin fada yana karanta fuskar ubangidansa da ta 'yan majalisa, in ya ga baiti ya shiga ya maimaita, in ya ga bai shiga ba ya wuce. Ko mai tallar magani a kasuwar Mafara ranar Talata ya fi yawancin jami'anmu sanin wannan, domin shi in idon mutane ya bar kansa, ranar ba cefane.

Addinin da muke buɗe kowane taro da sunansa ma bai bar mu a duhu ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana sau uku don a fahimta, kuma ba ya zuba zance a guje. In yana huɗuba muryarsa takan ɗaga, idanunsa su yi ja, kamar mai gargaɗin zuwan mayaƙa. Ya kuma nuna cewa gajarta huɗuba alamar fahimtar mutum ce. Limamanmu suna karantar da wannan, masu mulki suna sahun gaba suna gyaɗa kai.

Na san abin da za a ce. Takarda tana tsare mutum daga suɓutar baki, kuma a jihar da kalma ɗaya kan iya tayar da fitina, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yarda. Kasafin kuɗi a karanta shi, sanarwar tsaro a karanta ta, sunayen waɗanda aka rasa a karanta su a tsanake, kada a yi kuskure ko ɗaya. Amma mai karatu ya san abin da ke cikin takardarsa tun daren jiya, ya karanta da Hausa, ya riƙa ɗago ido a ƙarshen kowace gaɓa. Sauran jawabai kuwa, 'yar ƙaramar takarda mai ɗauke da batutuwa uku ta isa, sauran ya fito daga ka. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma abin da mutane ke tunawa da shi shi ne tsayuwarsa gaban taro yana magana da ka, yana duban mutane.

Wasu kuma za su fake da kunya, wai sunkuyar da kai tarbiyyarmu ce. Yaro gaban mahaifinsa, i. Amma shugaba gaban mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa, in ya ƙi haɗa ido da su, ba ladabi suke gani ba, rashin gaskiya suke gani. Mun sha zuwan masu jaje a yankin nan, musamman a 2021, shekarar da aka sace mutane a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin Agusta, aka kuma kwashe ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba. Mutanen da suka ga irin wannan ba sa bukatar tafinta kafin su gane wanda ya zo don Allah da wanda ya zo don hoto. Baƙin tabarau a zaman makoki magana ce. Latsa waya ana addu'a magana ce. Murmushi ga mai ɗaukar hoto, da hakimcewa a kujera alhali masu rashi suna kan tabarma, duk jama'a suna ji, kuma sun fi yarda da su a kan abin da lasifika ke faɗi.

Kuma muna renon masu gadon wannan hali. A makarantunmu ana ba yaro jawabin maraba da Turanci ya haddace, ya tsaya ƙiƙam, hannu a baya, ido a sama, ya zubo shi ba numfashi. In ya manta kalma ɗaya shi ke nan, sai hawaye. A tafa masa, a ce ya iya. Ba a taɓa ce masa ya tsaya ya bayyana wa 'yan ajinsu, da harshensa, yadda ake dashen shinkafa a Bakolori ba. Gobe shi ne sakataren da zai rubuta wa wani takarda.

Shugabannin ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, wannan gyara ba ya bukatar ko sisi daga Gusau. Ku sa doka a tarukanku: mutum ɗaya ya yi gaisuwar manya a madadin kowa, kowane jawabi kada ya wuce minti biyar, a yi shi da Hausa, mai magana ya fuskanci jama'a, kuma a sallami mutanen ƙauye kafin la'asar. Ku kuma masu gabatar da taro, in mai jawabi ya zarce, ku karɓe makirufo ko wane ne shi.