Ranar Zuwa Gona, Uba Ma Ya Hau Motar

Idan Oktoba ta kama, zafin Guangzhou ya fara sassautawa, makarantun boko na ƙasar nan kan fita da yara yawon kaka. Sau da yawa gona ake kai su, can bayan gari wajen Conghua ko Zengcheng ko Nansha. Takarda kan zo gida ana neman iyayen da za su raka. A gidajenmu na Xiaobei a hannun uwa take ƙarewa, in ma ba ta ɓace a ƙasan jakar yaro ba. Ni kuwa ina ganin uba ya kamata ya sa hannu, ya kuma hau motar.

Na san uzurin. Baje kolin Canton na kaka 15 ga Oktoba yake buɗewa, sai farkon Nuwamba ake tashi. A makonnin nan baƙi daga Kano da Maraɗi da Yamai ke cika benen Tianxiu, wannan na neman tafinta, wancan na son a kai shi masana'anta, wani kwantenarsa ce ba ta cika ba. Wanda ya rufe ofis ranar zai ji a aljihunsa, ba musu. Amma baje kolin nan tun 1957 ake yinsa, sau biyu a shekara, kuma za a sake a Afrilu. Fitar ajin ɗanka ta bana yini ɗaya ce kawai.

Ku dubi yaron da aka haifa a nan. Ya san tashar jirgin ƙasa ta layi na 5, ya iya biyan kuɗi da WeChat, amma shinkafa a buhu ya santa. A Guangdong sau biyu ake nomanta a shekara, kuma girbi na biyu daidai wannan lokaci yake faɗowa. Malamarsa za ta yi masa bayani da Sinanci, za ta kuma yi da kyau. Abin da ba za ta iya gaya masa ba shi ne irin wannan shinkafar ce ake yanka a Kura da Kadawa da ruwan dam ɗin Tiga, kuma abin da manomin can ya riƙe lauje sunansa. Ba za ta ce masa wannan dami ne, wannan shanshera ce, wannan ƙaiƙayi ba. Kalmomin nan ba sa zama a kan yaro a falon bene na goma sha biyu. Sai ya ga abin, ya taɓa, wani ya faɗa masa sunan. Haka rake, haka dankalin da ake gasa musu a tukubar ƙasa. Mafi yawan iyayenmu maza sun riƙe fartanya kafin su riƙe fasfo, amma 'ya'yansu ba su taɓa ji daga bakinsu ba. Yaron da zai je gida hutu ya zauna gaban kakarsa, da wace Hausa za su yi hirar damina?

Sai maganar abinci. Gonakin nan kan dafa wa baƙi abincin rana, kuma ba wurin da za ka ga alamar halal ba ne. Ko ganye ne, ana iya soya shi da man alade. Ɗan shekara bakwai ba zai iya tambaya ba, kunyar abokansa ma ta ishe shi. Babba ne zai yi magana da malama tun kafin ranar, ya ɗauko guzuri daga gida, ya ɗan ƙara yadda za a ɗanɗana wa 'yan ajin. Kada a manta da fasfo ko takardar zama, domin doka ta ce baƙon da ya kai shekara 16 ya riƙa yawo da ita. Ku kuma yara, takalmi rufaffe da dogon wando: akwai jan tururuwa mai mugun cizo a gonakin kudu, sauro ma bai tafi ba tukuna.

Rakiya aiki ce. Za a ba ka yara biyar ko shida, ba naka kaɗai ba, ka ƙirga su a hawa, ka ƙirga a sauka. Wanda zai wuni a gindin bishiya yana ciniki a waya, gara ya bar wa wani kujerar. Waɗanda ke ofis ɗaya ko bene ɗaya su yi karɓa-karɓa: Alhaji ya tafi da yara bana, abokin cinikinsa ya tarbi baƙinsa, in fitar bazara ta zo a juya.