Wa Zai Biya Kuɗin Faɗuwar Yaranmu?

A watan Yunin 2025 wani matashi ɗan Afirka ta Kudu, Aldrich Potgieter, ya lashe gasar golf ta Rocket Classic a birnin Detroit na Amurka yana da shekara 20. Jaridu sun yi ta yabon ƙarfin damtsensa, don da wuya a samu wanda ya kai shi aika ƙwallo nesa. Ni kuwa shekaru ukun da suka gabaci wannan rana su suka tsaya mini a rai. A 2022, yana da shekara 17, ya ci kofin Birtaniya na waɗanda ba su mai da wasan sana'a ba, aka ba shi gurbi a manyan gasanni. Ya je The Open a St Andrews, aka sallamo shi bayan kwana biyu. Ya je Masters a 2023, nan ma kwana biyu ya yi ya naɗe kayansa. Sai a US Open ta wannan shekarar ya samu ya kai ƙarshe, shi ma can ƙasa-ƙasa ya tsaya. Duk da haka ba wanda ya ce masa ya koma gida ya nemi wata sana'a.

Na san abin da za a ce mini a teburin mai shayi na bakin tasha a Kaura Namoda: "Wanga wasan masu kuɗi na, mi ag gaminmu da shi?" Gaskiya ne, mutumin Zurmi ko Shinkafi da ke lissafin yadda zai kai gonarsa ya dawo lafiya ba shi da lokacin bin farar ƙwallo a kan ciyawa. Ban zo roƙon a gina mana filin golf ba. Akwai wani darasi a cikin wasan nan da muke ta tafka asara saboda rashin saninsa, a ƙwallon ƙafa, a guje-guje, har a dambenmu na gado.

Ga yadda abin yake. Manyan gasannin golf na maza huɗu ne a shekara: Masters a Afrilu, PGA a Mayu, US Open a Yuni, sai The Open a Yuli, wadda aka fara tun 1860. Kowace kwana huɗu ake yi, rami 18 a kullum, 72 ke nan gaba ɗaya, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ke da kofi. Bayan kwana biyu sai a tankaɗe 'yan wasa, wajen rabinsu su kama hanyar gida. A waɗannan gasanni ana aske ciyawar bakin rami har ƙwallo ta riƙa sulɓi, a bar ta gefen hanya ta yi duhu, ga dubban mutane sun yi tsit sun zuba wa mutum ido. Yaro zai iya kwana yana atisaye a filin garinsu, amma rawar hannun da ke zuwa a wannan lokaci ba a koyon maganinta sai a wurin.

Rory McIlroy shaida ne. A Masters ta 2011, yana da shekara 21, ya shiga ranar ƙarshe yana gaban kowa da bugu 4. A rami na 10 ƙwallonsa ta kauce ta faɗa tsakanin gidajen da ke gefen fili, daga nan komai ya rikice masa, ya tashi da bugu 80, duniya tana kallo. Wata biyu bayan haka ya ci US Open da ratar bugu 8. Ita kuwa Masters ɗin da ta kunyata shi, sai a 2025 ya same ta, bayan shekara 14 yana komawa Augusta, inda ake buga ta.

Abin takaicin shi ne ƙasar nan ta taɓa zama makarantar irin waɗannan yara, amma na wasu. A shekarun 1970 da 1980, idan sanyi ya hana wasa a Turai, sai matasan 'yan golf su gangaro Afirka, su buga Nigerian Open a Ikoyi, Legas. Sandy Lyle na Sikotilan a nan ya ci kofinsa na farko a matsayin ƙwararre, a 1978. Ya je ya ɗauki The Open a 1985 da Masters a 1988. Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, ya ci kofin Najeriya a 1988 da 1989, daga baya ya tara manyan kofuna uku, har ya ture Tiger Woods daga matsayi na ɗaya a duniya a 2004. Namu fa? Peter Akakasiaka ya buga The Open a 1988, shekarar da Seve Ballesteros ya ci, har yau kuma sunansa ake kawowa idan ana neman misali. Shekara fiye da 30 ke nan. Baƙi sun zo sun goge a filinmu sun wuce, mu muka tsaya riƙe musu jaka.

Riƙon jakar ma ba abin rainawa ba ne, don yawancin ƙwararrun golf na Najeriya daga nan suka taso. Ɗan ƙanwata, da rashin tsaro ya raba su da ƙauyensu a ƙasar Zurmi, abin da ya samu ke nan a wani filin golf na Arewa. Na taɓa kai masa ziyara. Bakin ramukan filin ba ciyawa, yashi ne aka cakuɗa da baƙin mai aka daddale, kuma kafin maigida ya buga sai yaro ya ja wani guntun buhu ya share masa hanya daga ƙwallo zuwa rami. Da la'asar sakaliya, bayan manya sun watse, sai yaran su fito da tsohuwar sanda guda ɗaya da wani ya yar, su riƙa karɓa-karɓa, da ƙwallayen da suka tsinto a cikin ciyawa. Na ga yaron nan, da silifas a ƙafa, ya ɗaga ƙwallo ta haye itacen darbejiya ta sauka inda ya nuna. Da aka gayyace shi wata gasa a Kudu, ya je wurin wani mai hali da yake ɗaukar wa jaka neman kuɗin mota. Amsar da ya samu ita ce: "Ka je ka ciyo kofin tukuna, ni zan yi maka kyauta." Bai je ba.

Wannan amsa ita ce cutarmu. Mun iya kyauta bayan nasara: babur, kujerar Makka, ambulan a gaban 'yan jarida. Kuɗin motar zuwa a faɗi, a dawo, a sake zuwa, shi ne ba mai bayarwa. Alhali kakanninmu ba haka suka yi ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Zamfara ya san yadda ake yin ɗan dambe. Bayan girbi ake ɗaukar yaro a bi gari-gari da shi, ya riƙe wa manya kaya, a naɗa masa kara a sa shi turmin farko tun rana ba ta yi sanyi ba, a buge shi, ubangidansa ya kakkaɓe masa ƙasa ya saya masa fura, gobe a wuce wani gari. Shago, ɗan damben da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa waƙa, ba daga sama ya faɗo ba. Irinsa sai da wanda zai ɗauki nauyin cinsa da tafiyarsa tun ba a san sunansa ba. Da koyo akan iya, in ji Hausawa, koyo kuwa sai da mai biya.

Yau wannan zagaye ma ya ragu. Hanyar Kaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya ba a binsu yadda aka ga dama, kasuwar Alhamis ta Shinkafi da ke tara mutane har daga Nijar ta sha rufewa, jirgin ƙasan da ya iso Kaura tun 1929 ya zama labari. Yaron da ya fi kowa gudu a makarantarsu bai taɓa tsayawa a layi da wanda ya fi shi ba, balle ya san inda ya gaza. Idan aka yi sa'a aka kai shi Gasar Wasanni ta Ƙasa sau ɗaya ya zo na baya, sai a ce ba shi da amfani, a karo na gaba a ɗauko wani sabo, shi ma ya je ya yi faɗuwar farko. Kullum muna aji ɗaya.

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da an jira Abuja ba. Ƙananan hukumomin Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi kowace ta zaɓi yara kaɗan, ko da biyar-biyar ne, a kowane wasa suka nuna hannu, ta yi musu alkawarin kuɗin mota, masauki da abinci na shekara uku a jere, ko sun ci ko ba su ci ba. A riƙa tambayarsu abin da suka koyo, a bar tambayar kofi sai shekara ta uku. Masarautunmu su sa ido don kada jerin sunayen ya koma na 'ya'yan wane da wane. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura, wadda ke nan tun 1983, za ta iya buɗe filinta lokacin hutu a riƙa haɗa yaran garuruwan uku suna gwada juna. 'Yan kasuwarmu na Gusau, Kano da Abuja kuma, kowa ya ɗauki yaro guda.

Mai hali, idan yaro ya zo maka da takardar gayyata, kada ka tambaye shi ko zai ci. Da wuya ya ci a karon farko. Ka ba shi kuɗin zuwa da na dawowa, ka ce masa baɗi ma ya zo ya karɓa.